Tambaya da Amsa: Fassarar Takardu ga Masu Neman Biza da Izinin Zama a Suwidin

Wasiƙu da dama sun zo wannan fili a kan batu guda, wato fassarar takardu ga masu neman shiga ƙasar Suwidin da masu dawowa daga can, kuma akasarinsu daga nan Jos suka fito. Na zaɓi biyar na taƙaita su, na kuma cire sunaye kamar yadda muka saba, domin takardar aure da ta haihuwa sirrin masu su ne.

Tambaya ta farko

Assalamu alaikum, Malam. 'Yata tana aure a Suwidin, kuma haihuwarta ta kusa. Muna so ni da mahaifiyarta mu je, ita uwar ta zauna ta kula da ita har ta yi arba'in. Wani mai shirya wa mutane takardun tafiya ya ce dole ne a juya duk takardunmu zuwa harshen Suwidin, tun daga takardar banki har ta fanshona, kuma kowane shafi da kuɗinsa. Shin haka abin yake?

Daga wani dattijo, Unguwar Rogo.

Wa alaikumus salam, Baba. Allah ya raba lafiya, ya raya abin da za a samu. Ba haka abin yake ba, kuma ina roƙonku kada ku biya ko kwabo a kan wannan aiki. Hukumomin Suwidin masu duba neman biza da izinin zama suna karɓar takardar da aka rubuta da harshensu ko da Turancin Ingilishi, kuma da Turancin ake bayar da takardun hukuma a Najeriya. Saboda haka fasfo, da bayanin asusun banki, da takardar fansho, da takardar shaidar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, duk za a miƙa su ne yadda suke. Wanda ya ce muku sai an juya su, ko dai bai san ƙa'idar ba, ko kuwa ya sani yana neman ya ci guminku, kuma ko wanne ne daga ciki bai cancanci ku damƙa masa fasfonku ba.

Inda fassara za ta iya shigowa a lamarinku wuri ɗaya ne. Mai duba neman biza yana so ya ga abin da zai dawo da ku gida, kamar iyali, da sana'a, da dukiya, don haka mutane sukan haɗa da takardar gida ko ta gona. To, da yawa daga cikin tsofaffin takardun ciniki a unguwanninmu da Hausa aka rubuta su a gaban mai unguwa da shaidu, wasu ma da ajami. Idan irin wannan kuke son haɗawa, ita kaɗai ce za a fassara zuwa Turanci, a liƙa fassarar da kwafin ta asalin.

Tunda kun riga kun fara shiri, ga abin da ya fi cancantar ku kashe wa kuɗi da lokaci. Bizar ziyara ta yankin Shengen, wato rukunin ƙasashen Turai masu biza ɗaya, wanda Suwidin ta shiga a 2001, tana ba da damar zaman kwana 90 a cikin kowane kwana 180, don haka arba'in ɗin jego ya shiga ciki har da saura. Idan Hajiya tana so ta wuce wata uku, wata takardar ce dabam za ta nema, wato izinin zama na ziyara. Kuɗin bizar ya koma Yuro 90 ga babba tun watan Yuni na 2024. Ana bukatar inshorar lafiya ta tafiya wadda za ta ɗauki nauyin aƙalla Yuro 30,000, kuma fasfo ya kasance yana da sauran wata uku bayan ranar dawowa, da shafi biyu da ba a buga komai a kansu ba. Ana iya miƙa nema tun saura wata shida a tafi, kuma ga tafiyar da ta rataya a kan ranar haihuwa, gara ku yi sammako. 'Yarku ko mijinta za su cike takardar gayyata ta can su aiko, kuma wannan ma ba ta bukatar fassara, tunda ga hukumar ƙasarsu za ta koma. Inda ake miƙa takardu da ɗaukar hoton yatsu kuwa, a duba shafin Ofishin Jakadancin Suwidin da ke Abuja kafin a hau motar Akwanga, domin irin wannan tsari yakan sauya.

Tambaya ta biyu

Malam, barka da aiki. An ɗaura mana aure a wani masallaci a nan Jos, maigidana kuma yana zaune a birnin Malmö na Suwidin yana aiki. Yanzu zan nemi izinin zama in bi shi. Takardar aurenmu rabi Larabci ce rabi Hausa, kuma yadda aka rubuta sunana a cikinta ya ɗan saba da na fasfo. Wani mai shagon kwamfuta ya ce zai fassara ta, ya gyara sunan, ya buga hatimi. Maigida kuma ya ce a can sai mai fassarar da gwamnati ta amince da shi. Wanne zan bi?

Daga wata baiwar Allah, Rikkos.

Barka kadai, 'yar'uwa. Allah ya sanya albarka a auren, ya haɗa ku cikin alheri. Zan tsaya a kan tambayarki fiye da sauran, domin a irin wannan wuri ne mata da yawa suke asarar shekara guda ko fiye a kan takarda ɗaya.

Maganar maigidanki tana da tushe. A Suwidin akwai wata hukumar gwamnati mai suna Kammarkollegiet, wadda asalinta ya koma zamanin Sarki Gustav Vasa a 1539, kuma ita ce ke ba masu fassara da tafintoci lasisi. Ba a samun lasisin fassara sai an ci jarrabawar rubutu a kan matani uku, na gama-gari da na shari'a da na tattalin arziki, ana sabunta shi duk shekara biyar, kuma doka ta ɗora wa mai shi riƙe sirrin abin da ya gani a takardun mutane. Wanda ya samu shi ne ake kira auktoriserad translator, yana da hatimi mai ɗauke da lambarsa, kuma hukumar tana da rajista a intanet wadda kowa zai iya bincika suna a cikinta kyauta. Abu biyu nake so ki riƙe a nan. Na ɗaya, mutum ake ba lasisin, ba a ba kamfani, don haka idan wani kamfani ya ce yana da amincewar gwamnatin Suwidin, a tambaye shi sunan wanda zai sa hannu, a duba shi a rajistar. Na biyu, lasisin na fassara ne daga wani harshe zuwa harshen Suwidin ko daga harshen Suwidin zuwa wani, saboda haka fassarar Hausa ko Larabci zuwa Turanci ba ta shiga ƙarƙashin wannan hatimi ba tun farko.

Wannan ya bar muku hanya biyu. Ko dai maigida ya nemi mai lasisin Larabci a rajistar can ya juya ɓangaren Larabcin zuwa harshen Suwidin, ko kuma a fassara takardar gaba ɗaya zuwa Turanci a nan gida a hannun wanda za a iya tsayawa a kan sunansa, kamar malamin sashen harsuna na jami'a wanda zai yi aikin a kan takarda mai tambarin sashen, ko ƙwararren mai fassara da zai rattaba hannu a gaban lauya mai hatimin notari. Tunda takardarki ta haɗa harsuna biyu, ni hanya ta biyu na fi ganin dacewarta, don kada takarda ɗaya ta rabu a hannun mutum biyu. Amma kafin a biya kowa, maigida ya rubuta wa hukumar kula da ƙaura ta can, Migrationsverket, ya tambaye ta irin fassarar da za ta karɓa ga takardar da ke da Hausa a ciki, ya kuma adana amsar. A kuma sani cewa lauyan notari, wanda Alƙalin Alƙalan Najeriya ke naɗawa, shaidarsa ita ce wane ne ya sa hannu a gabansa. Ingancin fassarar yana wuyan wanda ya yi ta.

Ga yadda za ki gane fassarar kirki idan an miƙo miki ita, ko da ba ki jin Larabci. Ki ajiye ta kusa da ta asalin ki bi su layi-layi. Duk abin da ke kan ta asalin ya kamata ya bayyana: bisimillar da ke sama, sunan masallaci, lambar takarda, sunan waliyyi da na wakili da na shaidu, adadin sadaki, har da abin da ke rubuce a cikin zagayen hatimi. Inda aka sa hannu, mai fassara zai rubuta cewa akwai sa hannu a nan. Inda tawada ta dushe ko ninki ya cinye kalma, zai rubuta cewa wurin ba ya karantuwa, ba zai cike da abin da yake zato ba. A ƙasa kuma zai bayyana cewa fassarar ta dace da takardar da aka nuna masa, ya sa cikakken sunansa, da matsayinsa, da adireshin da za a same shi, da kwanan wata. Idan kwanan watan auren na Hijira ne, za a rubuta shi yadda yake, sannan a ƙara na Miladiyya a matsayin bayanin mai fassara, kuma a nan a yi hattara, domin lissafin kwamfuta yakan saba da ganin wata da kwana ɗaya, ga shi kuwa ranar da kika rubuta a fom ita za a gwada da wannan.

Batun suna yana da fuska biyu, kuma mai shagon kwamfutar ya cakuɗa su. Sunan da aka rubuta da haruffan Larabci dole ne mai fassara ya zaɓar masa rubutun boko, kuma suna ɗaya yana iya fitowa Muhammad ko Mohammed ko Muhammadu. A nan babu laifi, wajibi ne ma, ki ba shi kwafin fasfonki da na maigida don ya bi rubutun da ke ciki. Amma idan a ɓangaren Hausar an riga an rubuta sunan da boko, misali an sa Aishatu alhali fasfo yana ɗauke da Aisha, to mai fassara ba shi da ikon taɓa harafi ko ɗaya. Ranar da ma'aikaci ya haɗa takardun biyu ya ga an sauya, ba zai ɗauke shi a matsayin gyara ba, zai fara shakkar duk abin da ke cikin fayil ɗin, kuma dokar baƙi ta Suwidin ta ba da damar a janye izinin da aka samu ta hanyar bayanan ƙarya ko bayan an shiga ƙasar. Gyaran da ya halatta shi ne a koma masallacin da ya bayar da takardar a nemi wadda aka daidaita, ko a je Babbar Kotu a yi takardar rantsuwa cewa sunayen biyu na mutum ɗaya ne, a haɗa ta da sauran.

Yanzu ga abin da ba ki tambaya ba, wanda kuma ya fi fassarar nauyi. Fassarar gaskiya za ta nuna wa hukumar yadda aka ɗaura auren, kuma dokar Suwidin tana da sharuɗɗa kafin ta amince da auren da aka ɗaura a wata ƙasa. Tun farkon 2019 ba ta amincewa da auren da ɗaya daga cikin ma'auratan bai kai shekara 18 ba a ranar ɗaurawa. Tun watan Yuli na 2021 ƙa'idarta ita ce ba ta amincewa da auren da aka ɗaura alhali ɗayansu yana da wani auren. Sannan akwai sharaɗin da ya fi shafar mu: idan ɗaya daga cikin ma'auratan ɗan ƙasar ne ko mazauninta ne a lokacin ɗaurawa, ana bukatar a ce su biyun sun halarci wurin tare. A al'adarmu kuwa waliyyi ne ke bayarwa, wakili ya karɓa, amarya tana cikin gida tare da ƙawayenta, wani lokaci ma angon yana wata ƙasa ana sanar da shi ta waya. Wannan aure ne ingantacce a addini da kuma a Najeriya, amma yana iya gamuwa da tambaya a can, musamman a hukumar haraji, Skatteverket, wadda ita ce ke riƙe da rajistar jama'a da ta aure.

Ban faɗi wannan don in karya miki gwiwa ba. Izinin zama na iyali a Suwidin ya haɗa da waɗanda suke da niyyar yin aure ko zama tare, kuma hukumar tana duba gaskiyar dangantakar ta hanyar ganawa da tambayoyi, tana kuma duba ko maigida yana da kuɗin shiga da muhallin da zai ishe ku. Abin da nake gudar miki shi ne wani ya ce zai taimaka ta hanyar rubuta cewa kin halarta alhali takardar ba ta ce haka ba. Wasu ma'aurata sukan ƙara da auren rajista idan maigida ya zo hutu, tunda a auren rajista na Najeriya dole su biyun su tsaya a gaban mai rajista bayan sanarwar kwana 21. Sai dai auren rajista na mace ɗaya ne a dokar Najeriya, kuma yana da hukunce-hukuncensa a kan saki, don haka ba abu ne da za a shiga don neman biza kawai ba tare da an zauna da malami da lauya ba.

Tambaya ta uku

Malam, na shafe shekaru a Suwidin, yanzu ina shirin tattarowa in dawo gida da 'ya'yana biyu da aka haifa a can. Ina da hukuncin kotu na rabuwa da mahaifiyarsu da na riƙon yara, duk da harshen Suwidin. Zan bukace su wajen makaranta da fasfo, wataƙila da neman bizar wata ƙasa nan gaba. In bari sai na iso Jos a fassara?

Daga wani ɗan'uwa, ɗan asalin Bukuru.

A'a, ɗan'uwa, ka gama komai kafin ka hau jirgi. Kai ne ainihin wanda lasisin Kammarkollegiet zai yi wa amfani, domin takardunka daga harshen Suwidin za su fita zuwa Turanci, kuma a can masu wannan lasisi suke.

Ka fara da rage yawan abin da za a fassara. Suwidin ba ta bayar da takardar haihuwa irin wadda muka sani. Abin da ke madadinta shi ne personbevis, wato bayanin da Skatteverket ke cirowa daga rajistar jama'a, kuma ana iya neman sa da Turanci kai tsaye. Ka nemi wanda ya nuna sunayen iyaye da wurin haihuwa, ka kuma ce a buga hatimi, ma'aikaci ya sa hannu, domin wanda ka buga da kanka daga kwamfuta ba zai wuce matakin tantancewa da zan yi bayani a gaba ba. Haka kuma 'yan sandan Suwidin suna bayar da takardar shaidar rashin laifi ta musamman don amfani a ƙasashen waje, da Turanci. Ka karɓe ta dab da tasowa, tunda ofisoshin jakadanci sukan nemi irin wannan shaida daga duk ƙasar da mutum ya daɗe a cikinta, ko da yake sukan fi son sabuwa.

Hukuncin kotu shi ne zai bukaci mai lasisi, kuma a fassara shi gaba ɗaya, har da hatimin da ke nuna cewa hukuncin ya tabbata, lokacin ɗaukaka ƙara ya wuce. Kada ka yarda a taƙaita shi don a rage kuɗi. Takardar da ta shafi riƙon yara ita ce za a fi tsananta dubawa a filin jirgi da ofishin fasfo, kuma idan riƙon na haɗin gwiwa ne, kana bukatar rubutacciyar yardar mahaifiyarsu kafin ka fita da su. Ka nemi farashi a rubuce daga mutum biyu ko uku na cikin rajistar, ka tambaya ko kuɗin ya haɗa da kwafi na biyu mai hatimi, domin wani ofishin idan ya karɓa ba ya mayarwa.

Bayan fassara akwai tantancewa, kuma mutane sukan ɗauka abu ɗaya ne. Tantancewa shaida ce cewa sa hannu da hatimin da ke kan takarda na gaske ne, ba ta cewa komai a kan abin da takardar ta ƙunsa. Ƙasashen da ke cikin yarjejeniyar Hague ta 1961 suna wadatuwa da hatimi guda mai suna apostille, wanda a Suwidin lauyoyin notari ne ke buga shi. Najeriya ba ta cikin wannan yarjejeniya, saboda haka takardar da za ta yi aiki a nan tana bin doguwar hanya: Ma'aikatar Harkokin Wajen Suwidin ta tantance, sannan Ofishin Jakadancin Najeriya da ke Stockholm ya tabbatar. Idan kuwa kana tunanin wata ƙasa ta uku da ke cikin yarjejeniyar, ka sa a buga apostille a kan wani kwafin dabam tun kana can. Makarantar firamare a Jos ba lalle ta nemi duk wannan ba, amma kotu za ta iya nema, kuma aika takarda Stockholm daga Bukuru bayan an rufe gida an mayar da makulli wahala ce da za a iya kauce mata.

Ƙaramin abu guda da ke rikita ma'aikatanmu: a Suwidin shekara ake fara rubutawa, sai wata, sai rana. Idan takardar yaro ta nuna 2016-03-04, ranar 4 ga Maris ce. Ka roƙi mai fassara ya rubuta sunan watan da haruffa, don kada wani magatakarda ya mayar da ita 3 ga Afrilu, yaron ya taso da ranar haihuwa biyu.

Tambaya ta huɗu

Malam, na yi digirina na farko a wata jami'a a ƙasar Larabawa, shaidar da sakamakon duk da Larabci. Ina so in nemi digiri na biyu a Suwidin. Zan iya fassarawa da kaina tunda ina jin harsunan biyu?

Daga wani ɗalibi, Gangare.

Ba za a karɓa ba, ɗana, ko da fassararka ta fi ta kowa kyau, domin mai takarda ba ya zama shaidar kansa. Ka fara da tambayar jami'ar da ka gama ko tana bayar da shaidar da sakamakon da Turanci, tunda jami'o'i da yawa suna yi, kuma wadda ta fito daga hannun jami'ar ta fi kowace fassara ƙarfi. Idan ba ta yi, sai a nemi mai fassara da hukuma ta san da shi, a ɗora fassarar tare da ta Larabcin, kowane shafi gaba da baya. Mai fassara ba zai juya makinka zuwa tsarin Suwidin ba, ba zai kuma ce digirinka daidai yake da nasu ba, wannan aikin hukumarsu ce ta harkokin ilimi mai zurfi, UHR, wadda ke tafiyar da shafin neman gurbi na bai-ɗaya. A shafin akwai ƙa'idoji na musamman ga kowace ƙasa, kuma ƙasar da ka yi karatun ita za ka duba, tare da Najeriya idan za ka haɗa da sakamakon WAEC ko NECO, waɗanda da ma da Turanci suke.

Lokaci ne babban abokin hamayyarka. Ana rufe neman gurbin zangon kaka a tsakiyar Janairu, takardu kuma su isa a farkon Fabrairu, kuɗin nema kurona 900 ne na kuɗin Suwidin, kuma tun 2011 ɗaliban da ba na Tarayyar Turai ba suna biyan kuɗin makaranta. Wanda ya bari sai Disamba kafin ya rubuta wa tsohuwar jami'arsa yakan rasa shekarar.

Tambaya ta biyar

Malam, an aiko mini da hukunci a kan neman izinin zamana, shafi huɗu da harshen Suwidin. Na gane dai an ƙi. Ina tara kuɗin da zan kai a fassara mini kafin in san abin yi.

Daga wata 'yar'uwa, Farin Gada.

'Yar'uwa, ki daina jiran kuɗin, ki san abin da ke cikin takardar yau ɗin nan. Wa'adin ɗaukaka ƙara a irin wannan hukunci mako uku ne daga ranar da aka sanar da ke, kuma ba ya tsayawa don ana neman mai fassara. Ba ki bukatar fassara mai hatimi don ki fahimci takardar da ke hannunki, kuma kotun can ba ta bukatar a fassara mata abin da aka rubuta da harshenta. Wanda za ki je wurinsa a Suwidin ya karanta miki ta waya, ko ki yi amfani da manhajar fassara ta wayarki don ki samu ma'anar, amma ki rufe sunanki da lambar fayil kafin ki ɗora hoton, kuma kada ki tura shi a zaurukan WhatsApp ana neman mai taimako.

Wurare biyu za ki nema a cikin takardar: inda aka jero dalilan ƙin, da shafin da ke bayanin yadda ake ɗaukaka ƙara da inda za a aika. Takardar ɗaukaka ƙarar ana miƙa ta ne ga hukumar da ta yanke hukuncin, ita kuma idan ba ta sauya ra'ayi ba sai ta tura wa kotun ƙaura. Ki rubuta wane hukunci kike ƙalubalanta, da lambar fayil, da abin da kike so a sauya da dalilinki, ki sa hannu. Idan kina so wanda ke can ya tsaya miki, sai ki ba shi rubutaccen wakilci. Idan kuma dalilin ƙin ya shafi wata takarda ce da aka ce ba a fassara ba ko ba a gamsu da ita ba, ki miƙa ɗaukaka ƙarar a cikin wa'adi, ki ambata a ciki cewa ingantacciyar fassara tana tafe, sannan ki aika da ita da zarar ta kammala.